Allura da Ƙofar Kawu

Tun tana 'yar shekara bakwai ake ce mata Allura, kuma ba yabo ba ne. Siririya ce kamar a hura ta faɗi, ga shiga inda ba a aike ta ba. In mace ta kulle akwatinta ta tafi unguwa, kafin ta dawo Allura ta san zane nawa ne a ciki da wanda asu ya fara ci. Ba ta ɗaukar ko tsinke, wannan kam ko maƙiyinta zai yi mata shaida. Dubawa take yi ta mayar yadda ta tarar, sannan ta zo ta tsaya ƙerere ta ce, "Gwaggo, kwadon nan naki fa ado ne kawai." Innarta ta yi duka, ta yi zagi, ta koma addu'a, duk a banza. Ashe a kan abincinta ake ta jibgar yarinya.

Yanzu shekarunta talatin da takwas, 'ya'ya uku, miji tela, har 'yan unguwa na cewa mutumin ba aure ya yi ba, kayan aiki ya ƙaro. Sana'arta kuwa har gobe Inna ba ta faɗinta sai ta rage murya. Kamfanoni ne ke kiranta ta zo ta yi musu ɓarnar ƙarya kafin mai ta gaske ya iso. Ana rubuta takarda, manya su sa hannu, a buga hatimi: daga rana kaza zuwa rana kaza an yarje wa wannan baiwar Allah ta kutsa cikin kwamfutocin ma'aikata yadda ɓarawo zai kutsa, ta yi yawo iya inda ƙafarta ta kai, kada ta ɓata, kada ta ɗauka, ta fito ta rubuta duk inda ta ga bango ya tsage. Su yi mata godiya, suna hararar ƙeyarta.

"To ai sata ce da takarda," in ji Inna.

"Inna, likita ma da takarda yake yanka mutum."

"Likita ba a ɗakina aka haife shi ba, ina ruwana."

A wurin Allura shiga ba wani abin a zo a gani ba ne. Takan ce ko akuya na tsallake katanga in ta matsu. Aikin yana farawa ne bayan an dira tsakar gida: ɗaki nawa ne a buɗe, wane makulli aka rataye a ƙusa, daga kicin ana iya zarcewa ɗakin maigida, in an zarce akwai mai ɗaga kai ya ce wane ne nan? Yawancin wuraren da ta shiga, ƙofar waje ta ƙarfe ce mai kwado uku, ciki kuwa labule ne ko'ina.

Wanda ya ɗora ta a kan wannan hanya ƙanen Inna ne, Kawu. Da can rediyo yake gyarawa, da kasuwar rediyo ta mutu ya koma kwamfuta, tun mutane na lulluɓe ta da zane kamar jaririya. A bencinsa Allura ta girma. Shi ya koya mata jera siraran wayoyin nan takwas masu launi-launi a kan kebul, in ta sa kore a gurbin shuɗi ya buge mata yatsa da gindin sukudireba. Shi ya tsaya wa Inna a wuya har ta bar ta ta ci gaba da karatu. Daga baya ya sami aiki a wani babban rumbun magunguna a bayan gari, irin mai raba wa asibitoci da kantuna kaya. Kwamfuta huɗu ya tarar. Shekara goma sha tara ya yi yana ƙara musu 'yan'uwa, kowace waya da hannunsa ya ja ta ta cikin silin. Saura masa shekara biyu ya ajiye aiki da mutuncinsa. Mutum ne mai son a ce masa Injiniya, kuma ba ya son a gyara masa zance. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Wata Litinin shugaban su Allura, wani mai sanƙo da ba ya dariya sai in shi ya yi barkwancin, ya turo mata fayil a tebur. Ta buɗe ta ga sunan rumbun. A shafi na biyu akwai tambayar da kullum take amsawa ido rufe: kina da ɗan'uwa ko aboki a wannan ma'aikata? Bironta ya yi ta shawagi a kan takarda. In ta ce e, za a miƙa wa wani abokin aikinta mai rubuta rahoto kamar mahauci na fiɗa, ba ya bar wa mutum ko fata. Ta ce a ranta, in dai aski ya zama dole a kan Kawu, gara hannun gida ya riƙe askar. Ta rubuta a'a.

Ranar Talata Manajan rumbun ya tarbe ta, mutum mai tumbi da tsoron takarda, in ka nuna masa hatimi sai ya fara gumi. Ya aika aka kira Kawu.

"Wannan shi ne injiniyanmu. Injiniya, ga malamar da za ta gwada mu."

Kawu ya dube ta ta saman tabarau. Tsoho ne amma ba a barci yake ba, nan take ya gane wasan. "Sannu da zuwa, Malama. Kamar na taɓa ganinki a wani wuri."

"Fuskata ce gama-gari, ranka ya daɗe."

Da Manaja ya juya amsa waya, Kawu ya matso ya yi ƙasa da murya. "Ke, ja'ira. Ni za ki yi wa jarrabawa? Ni da na share miki majina da bakin rigata?"

"Kawu, aiki ne."

"To a yi aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, nawa kuwa ko ɗigo. Ki gaida Yaya."

Aka ba ta ɗakin taro: dogon tebur, kujeru goma sha biyu, biyu a karye, kalandar bara, da wata kafar waya a bango bayan kabad. Ta ture kabad ta soka kebul ɗinta. Kwamfutarta ta yi sallama, aka amsa mata, ba a ko tambaye ta 'yar gidan wa ce ba.

Ta fara ƙirga mutanen gida. Na'ura sittin da uku, duk a tsakar gida ɗaya babu shinge: ta mai karɓar oda, ta masu lodi, kyamarorin maigadi, firinta, da wadda ke kula da ɗakin sanyi, kowacce na jin tarin 'yar'uwarta. Ta isa ƙofar babbar kwamfutar da komai ke kwana a cikinta, wadda suke kira saba. Aka nemi kalmar sirri. Kafin Allura ta yi tunani yatsunta sun riga sun rubuta lambar tsohon babur ɗin Kawu, jan nan da aka sayar tun kafin aurenta. Lambar ce a wayarsa, ita ce a jakarsa, ita ce ma a kwadon kejin tantabarunsa. Ƙofa ta buɗe wangale.

Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Wannan ai sanin gida ne, ɓarawon waje ina ya san jan babur? Ta fita daga sabar, ba ta rubuta komai ba, ta ƙudura za ta bi hanyar baƙo tsantsa, tana roƙon Allah hanyar ta toshe mata. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ranar ce farkon da ta yi fatan faɗuwa.

Ba ta faɗi ba. Laraba da safe ta leƙa cikin firintar da ke baranda, mai cin takarda uku ta tofo ɗaya. Har yau kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta ce a jikinta, irin wadda ke rubuce a littafin cikin kwali. Kuma don firintar ta riƙa ajiye hotunan takardu kai tsaye a saba, sakatarori su daina damunsa da kira, Kawu ya damƙa mata babban makullin gidan ɗungurungum. Minti goma sha biyu, sai ga lambar jan babur a fuskar kwamfutar Allura, wannan karon ta hanyar da kowane ɗan iska mai littafin firinta zai iya bi.

Da makullin ta zaga gida. Ta ga jerin asibitocin da ake kai wa kaya, ta ga farashin da ake ɓoye wa abokan gasa. Ta buɗe shafin ɗakin sanyi, ta ga ma'aunin sanyi a kan digiri huɗu. A bayan wannan 'yar lamba akwai allurar rigakafin jarirai da ta masu ciwon sukari, kwali kan kwali. A gefe ga wani ɗan maɓalli, in ta danna injin zai yi shiru, ba mai sani sai kaya sun lalace. Ta ɗauki hoton shafin don shaida, ta tura kujerarta baya har ta bugi bango.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Rahoto ne, kuma ta iya alƙalami, ta san yadda ake cewa tsari ya tsufa maimakon a ce tsoho ya yi barci. Har ta fara jera kalmomin a kanta. Sai ta buɗe jerin masu cikakken iko a gidan, don cika aiki kawai. Suna ɗaya ya kamata ta gani. Ta ga biyu.

Na biyun wata biyar da ƙirƙirarsa, an yi masa suna mai kama da na masu gyara don kada ido ya tsaya a kansa. Ba hannun Kawu ba ne. Kawu da manyan baƙaƙe yake rubuta komai, kamar yana yi wa kwamfutar tsawa. Ta duba rajistar da saba ke rubuta shige da fice. Baƙon daga waje yake zuwa, sau biyu sau uku a mako, ya kwashi abin da zai kwasa ya fita. Zuwansa na ƙarshe da safen nan ne, ƙarfe tara da kwata, lokacin da ita take fama da firinta. Wata biyar ana kwana da ƙato a ƙarƙashin gado.

Ga irin wannan akwai doka, ko sabon shiga ya haddace ta, tana ma rubuce a shafi na uku na takardar izininta. In ka ga sawun ɓarawon gaske, ka tsaya cak. Kada ka taɓa, kada ka goge, kada ka gaya wa kowa sai wanda sunansa ke takarda. Sawun ne kaɗai zai nuna ta ina aka shigo, me aka ɗauka, da wa aka haɗa baki. Kuma ɓarawon da ya ji motsi yakan cinna wa gida wuta ya gudu. Sunan da ke takarda na Manaja ne.

Ta ɗauki hoton jerin, ta ɗauki waya, ta nemo lambar Manaja. Sai ta hango abin da zai biyo baya: a kira Kawu gaban sakatarori, mai tumbi ya ɗaga murya, tsoho na tsaye da tabarau a hannu bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta ce a ranta, minti biyar kawai, ya ji daga bakina, ya sami inda zai ajiye fuskarsa. Ta mayar da wayar jaka.

Ɗakin Kawu na can ƙuryar rumbu bayan tulin kwalaye. Fanka mai kaɗa kai, butar shayi, wayoyi a ƙusa kamar igiyar shanya, saba na gurnani a cikin kabad ɗin ƙarfe.

"A'a, Malama mai jarrabawa! An ci ko an faɗi?"

Ta rufe ƙofa. "Kawu, zauna."

"A zaune nake. Ko idonki ma sai na gyara?"

"Akwai mutum a cikin saba. Ba ni ba. Wata biyar ke nan."

Ya kwashe da dariya. "Ke yarinya, abin da babba ya hango..."

Ta juya masa kwamfutarta. Ya karanta. Ya cire tabarau ya goge da rigarsa, ya mayar, ya sake karantawa. Dariyar ta bushe masa a fuska ba ta sami hanyar komawa ba.

"Ta ina?"

"Ban sani ba tukuna. Ni dai ta firinta na bi. Lambar babur, Kawu. Har yanzu lambar babur?"

"To wa zai san ta?"

"Firinta ta sani, kuma ba ta da riƙon amana. Yanzu zan je wurin Manaja. Don Allah, don darajar Inna, kada ka taɓa komai. Ko linzamin kwamfutar nan kada ka motsa. Ka sha shayinka."

"Na ji."

"Kawu."

"Na ce na ji! Yaro ne ni?"

Manaja na can bakin lodi yana sa-in-sa da direban da ya kawo kaya ba daidai ba. "Malama, minti biyu."

"Ranka ya daɗe, maganar ba ta jira."

"Wannan ma ba ta jira, kin ga motar a kunne take."

Minti biyun Manaja sai da suka kai arba'in. A cikin arba'in ɗin nan Kawu ya yi abin da duk mai gida ke yi in ya ji baƙi na tafe kuma ɗaki da datti, ya ɗau tsintsiya. Ya goge baƙon suna. Ya canza kalmar sirri. Sannan ya dubi rajistar nan mai tsawo, wata biyar na abin kunyarsa layi bayan layi, ya share ta tas. A ganinsa ya kori ɓarawo ya datse ƙofa.

Da Allura ta jawo Manaja ɗakin taro don ta nuna masa, makullin ya ƙi buɗewa. Aka kira Kawu ya buɗe. Suna ɗaya. Rajista fara fat kamar yau aka haifi sabar. Allura ta dubi Kawu, Kawu na kallon kalandar bara.

Kafin ƙarfe uku Mai Sanƙo ya iso. Ya dubi hoton da ta ɗauka ƙarfe sha ɗaya da kwata, ga baƙon suna ɓaro-ɓaro. Ya dubi saba, babu. Abin da Kawu bai sani ba, in an share rajista saba takan buɗe sabon shafi da layi guda: wane ne ya share, ƙarfe nawa. Sunan Kawu, sha biyu saura takwas.

"Injiniya," in ji Mai Sanƙo, a hankali kamar mai tambayar hanya, "wa ya gaya maka an gano sunan nan?"

Kawu bai ko dubi inda take zaune ba. "Ba kowa. Ni na gani."

"Yaushe?"

"Ɗazu."

"Wata biyar ba ka gani ba sai ɗazu, daidai lokacin da ma'aikaciyata ta gani. To da ka gani, ka gaya wa Manaja?"

Kawu ya gyara zaman tabarau.

"Sai ka share."

"Gyara na yi."

Mai Sanƙo ya juya ga Manaja. "Ranka ya daɗe, mai sakaci ba ya goge sawu, don bai ma san da sawun ba. Mai goge sawu ya san ƙafar wa ce. Da ɗan gari ake cin gari."

Manaja ya jiƙe sharkaf. "Shekara goma sha tara! Ni da nake ba shi makullin ofishina!" Ya ce gobe da safe za a kira 'yan sanda. Aka karɓi makullan Kawu da katinsa. Maigadin da kullum ke ce masa "Injiniya, an fito?" shi ya zazzage masa jaka a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, masu lodi sun daina lodi suna kallo.

Allura na ƙarshen tebur, gaskiyar na bakinta. Kalma huɗu ce kacal: ni na gaya masa. Amma a bayan huɗun akwai "kawuna ne", a bayan wannan kuma akwai a'ar nan da ta rubuta ranar Litinin. Mai Sanƙo, da zai fita, har cewa ya yi, "Aikinki ya yi kyau."

Da ta koma gida da yamma ta tarar Inna ta riga ta iso, tana zaune a tsakar ɗaki ko mayafi ba ta cire ba. Matar Kawu ta buga mata waya.

"Sannu da aiki, mai takarda. An ce kin kamo ɓarawo."

"Inna..."

"Ciki ɗaya muka fito da shi. Na san shi da taurin kai, na san shi da cika baki, na san shi da rowar sukari. Amma tun yana rarrafe bai taɓa ɗaukar abin wani ba."

Allura ta durƙusa ta zayyana mata komai, tun daga fayil har tsintsiya. Tela na jingine da ƙofa, tef ɗin awo a wuya, bai sa baki ba sai da ta gama.

"In kika faɗa, aikin ya tafi," ya ce. "Ba na wurin Mai Sanƙo kaɗai ba, duka. Ke kika gaya mini a sana'arku amana ake saya. Yara uku, keken ɗinki ɗaya. Ni dai na faɗa ne don kada a ce ban faɗa ba."

Inna ta ce, "Kawun naki, shi ya ce ki faɗa?"

"Cewa ya yi ba wanda ya gaya masa."

Inna ta ja tsaki. "Jakin banza. Kullum shi ne jarumi." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Ni ba zan ce miki komai ba. Ɗaya ƙanena, ɗaya 'yata. Duk wanda aka yanka jinina ne a ƙasa."

Alhamis da sassafe Allura ta riga kowa isa rumbun. Ta jira Manaja da Mai Sanƙo suka zauna, Manaja na neman lambar 'yan sanda a waya, sannan ta faɗi kalmomin nan huɗu, ta bi su da sauran. Ba ta yi kuka ba. Muryarta ma irin ta karanta rahoto ce: ƙarfe kaza na gani, ƙarfe kaza na je ɗakinsa, na ce masa kaza.

Jijiyar kan Mai Sanƙo ta miƙe. "Kin rubuta a'a."

"Na rubuta."

"Da hannunki."

"Ba na aron hannu, ranka ya daɗe."

"Kin san abin da kika ɓata? Bar ta aikinki, wannan ya wuce. Yanzu har abada ba mai sanin ta ina ya shigo, me ya ɗauka, ko ya bar wata tagar a buɗe. Minti biyar! Garin gyaran gira kin tsone ido."

Manaja kuwa ajiye waya ya yi yana sauke numfashi, don 'yan sanda takarda ce mai yawa. "Wato dai ba ɓarawo ba ne? Wawa ne kawai?"

"Tsoho ne mai jin kunya, ranka ya daɗe."

Mai Sanƙo bai yi ƙarya ba. Sai da aka wanke na'urorin nan sittin da uku ɗaya bayan ɗaya aka sake gina su daga tushe. Mako uku rumbun na aiki da biro da takarda, an ajiye mutum a bakin ɗakin sanyi da ma'aunin zafi a hannu. Ɓarawon kuwa ko ƙeyarsa ba a gani ba, kuma ba wanda zai rantse maka bai sayar da abin da ya kwasa ba.

A ranar Alhamis ɗin Allura ta miƙa kwamfuta da kati. Masu irin sana'arta ba su fi cikin cokali ba, kafin mako ya ƙare kowa ya ji. Ba wanda ya ce ba ta iya ba. Cewa suke yi, "Za mu kira ki." Wata takwas ke nan. Tana shagon Tela yanzu, tana guga, tana sa maɓallai, in wayar wata maƙwabciya ta rikice a kawo mata. Duk sanda tata wayar ta yi ƙara sai ta ajiye abin guga da sauri har ta taɓa ƙona wa wani hannun riga, ashe Inna ce ke tambayar ko yara sun dawo.

Kawu kuma an ba shi takardar sallama, layi uku: an sallame shi saboda sakaci a bakin aiki. Da wani ne, da ya ɓoye ta a ƙarƙashin katifa. Shi kaiwa ya yi aka liƙa mata leda, yana yawo da ita a aljihun gaba. Mai aski ya karanta ta, mai shagon bakin layi ya karanta, har direban da bai tambaya ba an miƙa masa. "Karanta nan. Sakaci. Ka ga inda aka rubuta sata? Duba da kyau, ko a baya." Mutane su ce ba su gani ba, ya karɓe ya mayar aljihu ya dafa. Da Allura kuwa ko gaisuwa. In sun haɗu a gidan Inna sai ya tuna yana da uzuri.

Ran nan da hantsi sai ga shi a ƙofar shago, wai ya zo a rage masa ƙugun wando, duk ya yi masa yawa. Tela ya miƙe ya gaishe shi, ya auna. Allura na can ciki da abin guga a hannu. Kawu ya zaro takardar ya miƙa wa Tela, wanda ya riga ya karanta ta sau biyu, ya tsaya har ya karanta na uku. Sannan ya yi magana yana kallon bango.

"Ka gaya wa matarka, na rufa mata asiri ta tone. Da ta yi shiru, da yanzu ɗayanmu na da aiki."

Allura ba ta ɗago ba. "Ka gaya wa Kawu, da na yi shiru, da ba wannan takardar yake yawo da ita ba."

Tela ya dubi wannan, ya dubi waccan. "Ni fa wando aka kawo mini."

Kawu ya karɓi takardarsa ya goge ledar da tafin hannu. Ya juya kamar zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi.

"Shagon nan ba ku da kujera ne?"

Tela ya sauke tulin yadi daga kan benci. Kawu ya zauna a can ƙarshensa, nesa da teburin guga, wandon a cinya. Tela ya miƙo hannu ya karɓi wandon, ya taka keke. Har aka gama ɗinkin Kawu bai tuna yana da uzuri ba.